Kafin ka sayi manhaja, bi sawun aikin da ƙafarka

Idan aiki ya fara tafiyar hawainiya a kamfani, abin da ke fara zo wa mai shi a rai shi ne sayen kwamfuta ko ƙarin ma'aikata. Mu da ke aikin tsara gyaran harkokin kamfanoni mun san nan ne kuɗi suka fi salwanta. Shirin gyara na ƙwarai yana farawa da ɗaukar aiki guda a bi shi daga tushe har ƙarshe, a rubuta hannu nawa ya ratsa, a ina ya tsaya jira, kuma don me.

Kamfanin motoci na Ford ya nuna haka a farkon shekarun 1980. Sashen da ke biyan masu kawo masa kaya a Arewacin Amurka yana da ma'aikata sama da 500, shugabanni kuma suna shirin rage kashi 20 cikin ɗari ta hanyar sa kwamfuta. Sai suka leƙa Mazda ta Japan, suka tarar mutum 5 ke wannan aikin. Da suka bi diddigi, sai ga shi yawancin lokacin ma'aikatansu yana ƙarewa wajen daidaita takardu uku da kan saɓa wa juna: odar kaya, shaidar karɓa da takardar neman biya. Suka soke ta ukun, biya ya koma kan isowar kaya, sashen ya ragu da kashi 75 cikin ɗari. Da kwamfuta kawai suka saya, da ruɗanin suka ƙara wa sauri. Masanin harkokin gudanarwa Michael Hammer ya bayyana wannan labari a 1990.

Wani zai ce wannan zancen manyan kamfanoni ne. To, a dubi dila a kasuwar Singa ta Kano: mai saye ya tura kuɗi, yaron shago na jiran alat, rasit na jiran sa hannun maigida da ya fita, mai kula da sito ya kulle, 'yan dako na zaune, mota na tsaye. Lodin minti 20 ya ci rabin yini, kuma babu manhajar da za ta dawo da maigida. Maganin shi ne a ba wani amintacce ikon sa hannu zuwa wani adadi. Wani kuma zai ce ma'aikata za su ɓoye gaskiya don tsoron kora. Tsoron yana da tushe, domin gyara kan rage hannaye. Shi ya sa tun a takardar shiri dole a faɗi inda za a mayar da wanda aikinsa ya ragu, a kuma sa masu aikin cikin masu gyaran, tunda su suka san inda yake cijewa.

Saboda haka a zaɓi aiki ɗaya, a auna shi yau, a damƙa gyaran a hannun mutum ɗaya, a gwada a reshe ɗaya, a sake aunawa. Wanda bai auna ba kafin gyara ba shi da hujjar cewa ya gyara komai.