Amsar Tambaya: Ina Zan Adana Fayilolina?

Tambaya: Hotunan iyali da takardun aiki sun cika kwamfutata. Filash ya isa ajiya?

Amsa: 'Yar'uwa, filash kaɗai bai isa ba, yakan ɓata, yakan lalace ba sallama. Ki mallaki kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya a intanet. Google Drive na bayar da GB 15 kyauta, OneDrive kuma GB 5. Ki riƙa kwafa duk ƙarshen mako, kina gamawa ki zare faifan, don kada bairos ko wutar lantarki mai ƙarfi ta haɗa shi da kwamfutar ta lalata su. Lokaci-lokaci ki buɗe fayil ki tabbatar yana aiki. Rigakafi ya fi magani, ki fara yau.