Yaya Ake Ƙera Ƙananan Ƙarafa Dubbai Su Fito Girma Ɗaya?

Tambaya: Ni mai faci ne a Gusau, kullum hannuna yana kan bawul ɗin taya. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, marfin bawul na babur yana hawa na mota, na tsohuwar taya yana hawa na sabuwa, ko da ba a ƙasa ɗaya aka yi su ba. Shin narkar da tagulla ake yi a zuba a mazubi, kamar yadda masu tukwanen alminiyom suke yi? In ba haka ba ne, yaya ake yi ƙananan ƙarafa masu yawa haka su fito iri ɗaya?

Amsa: Tambayarka gida biyu ce: da wace dabara ake ƙera waɗannan ƙananan ƙarafa, sannan me ke hana wani ya fi wani girma alhali dubbai ake yi a yini.

Zaton da ka yi na zubi yana da dalili, don kuwa ana zuba kayan inji da yawa, har da bulok ɗin injin mota. Sai dai ƙarfen da aka narkar yakan ƙanƙance idan ya huce, fuskarsa kuma ta fito da kaushi. Wannan ba ya hana tukunya dafa tuwo. Amma bawul da zai riƙe iska, ga tiredinsa siriri, wato zanen nan mai murɗewa da marfi ke bi, yana bukatar awo da santsin da zubi kaɗai ba ya bayarwa. Shi ya sa akasarin irin waɗannan ƙarafa fere su ake yi daga doguwar sandar tagulla ko ta ƙarfe.

Ka tuna yadda ɗan makaranta ke fiƙe fensir a cikin ɗan abin fiƙewa: rezar tana nan wuri ɗaya, fensirin ne ke juyawa, ɓawo yana fita. Haka injin fere ƙarfe yake aiki. A damƙe sanda, injin ya juya ta da gudu, sai a matso mata da 'yar wuƙar da ta fi ta tauri, ta yi ta shaftare ta har ta kai kaurin da ake so. Wataƙila ka taɓa ganin irinsa wurin masu gyaran kayan inji a Panteka ta Kaduna ko a Kano. A can mutum ne ke tsaye yana murza hannayen injin, ya yanka, ya tsaya ya auna, ya ƙara yankawa. Gwani zai fitar maka da abu mai kyau, amma ɗaya bayan ɗaya, kuma na safe ba lalle ya zo daidai da na la'asar ba, saboda ido da hannu suna gajiya.

Wannan matsala ta addabi masana'antun Amurka da Turai a ƙarni na 19, lokacin da ake ƙera bindigogi, kekunan ɗinki da agogo birjik, kowanne yana cin ƙananan sukurori masu yawa. A 1873 wani Ba'amurke a jihar Connecticut mai suna Christopher Spencer, wanda ya riga ya yi suna da bindigar da ya ƙirƙira aka yi yaƙin basasar Amurka da ita, ya yi rajistar injin fere mai tafiyar da kansa. Daga baya kamfanin Brown & Sharpe na birnin Providence ya cika masana'antu da nasa samfurin. Da yake sukurori aka fara yi da shi, ana ce masa injin sukuru har yau.

Abin da ya maye gurbin hannun mutum a cikinsa shi ake kira kam. Faifan ƙarfe ne, amma gefensa ba zagayayye ba ne, an yanke shi da tudu da gangara. Akwai wani ɗan hannu da ke jingine da gefen nan. Faifai yana juyawa, in tudu ya zo sai ya tura hannun, hannun ya tura wuƙa cikin sanda. In gangara ta zo, wuƙar ta ja da baya. Tsayin tudun shi ke yanke zurfin da wuƙar za ta shiga. In tudun ya hau a hankali, wuƙar ma a hankali za ta ci; in ya miƙe, ta zaburo. Kowace wuƙa da faifanta, dukkansu kuma suna tafiya tare, zagaye ɗaya abu ɗaya. In ka taɓa ganin kamshaf da ke buɗe bawulolin injin mota yana rufewa, to dabarar ɗaya ce. A nan nake ganin hikimar ta taru. Duk tunanin da gwani zai yi a kan kowane abu da yake ferewa, an yi shi sau ɗaya tun kafin a tada inji, an sassaƙa shi a gefen faifai. Injin maimaitawa kawai yake yi.

Ga yadda zagaye ɗaya yake tafiya. Ana zura sanda mai tsawon mita 3 zuwa kusan 4 ta bayan injin, ta ratsa wani bututu mai juyawa. A bakin bututun akwai kolet, wani ɗan zobe mai tsage-tsage da ke matse sandar ta kowane gefe. Kolet ya saki, a turo sandar gaba har ta dungure da wani tokari da aka saita, kolet ya sake damƙewa. Wuƙa ta zo daga gefe ta fitar da siffa, abin huda ya zo daga gaba ya huda rami, na yin tiredi ya biyo baya, sannan wata siririyar wuƙa ta datse abin ya faɗa kwando. Duk tsawon lokacin mai yana kwarara a kan wurin yankan, yana sanyaya wuƙa yana wanke ɓarɓashi. Kafin wanda ya faɗi ya huce, an turo sandar don na gaba. Ma'aikaci guda yakan kula da injuna da dama, aikinsa sa sabuwar sanda, kwashe ɓarɓashi da yin awo.

Da bukata ta ƙaru, sai aka lura cewa yayin da wuƙa ɗaya ke aiki sauran suna jira. Aka ƙera injin da ke riƙe sanduna da yawa a lokaci guda, biyar, shida ko takwas, an jera su a jikin wata ganga mai juyawa. Kowace sanda tana gaban wuƙa daban, duk suna yanka tare, sai gangar ta juya taki ɗaya kowace ta koma gaban wuƙa ta gaba. Duk juyi ɗaya, abu ɗaya ya kammala. Acme-Gridley na birnin Cleveland da Davenport mai sanda biyar na birnin Rochester sun yi fice a Amurka, Index da Schütte kuma a Jamus. A ce inji yana sakin abu ɗaya duk daƙiƙa 5. A awa guda ka sami 720, a awa 8 ka sami 5,760, daga inji ɗaya tak.

Mutanen Suwizalan kuwa tasu matsalar daban ce. Su masu agogo ne, kayansu sirara ne ainun, kuma sandar da ta yi siriri in ka matsa mata wuƙa lanƙwashewa take yi, awo ya ɓaci. A farkon shekarun 1870 wani maƙerin agogo mai suna Jakob Schweizer ya juya lissafin. Maimakon a fito da sandar waje wuƙa ta bi tsawonta, sai sandar ce ke zamewa gaba ta cikin wani matsattsen zobe da ke tallafe ta, wuƙar kuma tana yanka dab da bakin zoben. Komai tsawon abin da ake ferewa, inda wuƙa ke ci a tallafe yake, ba shi da sararin lanƙwasa. Garin Moutier ya zama cibiyar waɗannan injuna, da kamfanoni irin su Tornos, Bechler da Petermann. A tsallaken iyaka a Faransa, kwarin Arve da ke kewayen garin Cluses ya rayu da wannan sana'a. Da irin wannan inji ake yin sukurorin agogo da ido ke gani da ƙyar, da 'yan ƙarafan da ke cikin mahaɗar wayoyin lantarki, da sukurorin da likitoci ke ɗaure ƙashi da su.

Ita ma sandar ba kowace iri ba ce. Tagullar da aka fi so an haɗa ta da jan ƙarfe kusan kashi 61 cikin 100, da dalma kusan kashi 3, sauran tutiya. 'Yar dalmar nan ita ke sa ɓawon ya riƙa kakkaryewa ƙanana, kada ya yi tsawo ya nannaɗe wuƙa. Amma dalma guba ce, saboda haka daga 2014 dokar Amurka ta taƙaita ta zuwa kashi 0.25 cikin 100 a kayan famfon ruwan sha.

To, mu dawo gida na biyu na tambayarka, inda zan ɗan gyara maka zance. Ƙarafan nan ba girma ɗaya suke cif-cif ba. Babu injin da ke iya haka. Abin da ake yi shi ne a yanka wa bambancin iyaka. Zanen injiniya zai ce, alal misali, kauri milimita 6, an yarda ya ƙaru ko ya ragu da 0.02. Kaurin gashin kan mutum yana kai wajen milimita 0.07, ka ga ke nan iyakar ba ta kai kaurin gashi ba. Duk wanda ya faɗa cikin iyakar zai hau ɗan'uwansa, wanda ya fita kuwa a jefar.

Tsare wannan iyaka aikin mutum ne, kuma ni a ganina mai saita inji shi ne ƙashin bayan masana'antar. Shi zai ɗaura faifai, ya wasa wuƙaƙe, ya daidaita kowace, ya fitar da na gwaji ya auna da maikuromita, wato ma'aunin murɗawa da ke karanta kashi ɗaya cikin 100 na milimita. Wani lokaci saitin kaɗai yakan ci yini. Bayan an fara aiki ma ba a sakin jiki, domin wuƙa tana dakushewa a hankali, injin kuma in ya ɗau zafi ƙarfensa yana ɗan buɗewa. Don haka ake ɗebo samfuri lokaci-lokaci. Akwai wani ma'auni mai sauƙi da nake sha'awa: zobba biyu, ɗaya dole abin ya shige shi, ɗayan dole ya ƙi shiga. In ya ƙi na farko ya yi kauri, in ya shige na biyu ya yi siriri. Ko sabon ma'aikaci zai iya yanke hukunci da shi nan take.

Shi kuwa dalilin da ya sa marfin da aka yi a Indiya ke hawa bawul ɗin da aka yi a Jamus, yarjejeniya ce. A da kowane maƙeri da irin tiredinsa, sai a 1841 Joseph Whitworth na Ingila ya fito da tsari guda da masana'antun ƙasarsa suka bi. Bawul ɗin da kake aiki da shi na gidan Schrader ne na birnin New York, an yi masa rajista a 1893. Tiredinsa na waje kaurin milimita 7.7 ne, da zane 32 a kowane inci, kuma duk mai ƙera shi a duniya wannan awon yake bi.

A yau kwamfuta ta karɓe aikin faifai a injuna da yawa. Ana rubuta mata umarni, ƙananan injunan lantarki su motsa wuƙaƙe, kuma sauya aiki ya zo da sauƙi. Kamfanonin Japan irin su Citizen, Star da Tsugami suna kan gaba a nan. Duk da haka tsofaffin injunan faifai ba su mutu ba. In abu mai sauƙin siffa ne kuma miliyoyi ake so, har yanzu da wuya a kada su a sauri da araha. Wahalar saiti ɗaya ce ko guda 100 za a yi ko 100,000, sai dai a na biyun kuɗinta ya rarrabu har ba a jin sa. Abin da ya sa bawul ke da arha ke nan, alhali in ka ce a fere maka guda ɗaya da hannu sai ka biya ninki-ba-ninki.

Wani abin mamaki, sukurori da bol na yau da kullum da ake sayarwa a kasuwa yawanci ba a wannan inji ake yin su ba yanzu. Waya mai kauri ake datsawa, a buga mata kai da ƙarfi ba tare da an gasa ta ba, sannan a murza ta tsakanin ƙarafa biyu masu zane tiredin ya fito. Ya fi sauri, kuma ba a asarar ƙarfe a ɓarɓashi.

Tun da a bakin titi kake aiki, na san kana maƙwabtaka da makanikan babur, to ga saƙo ka isar musu. Jet ɗin kabureta, ɗan ƙarfen tagullar nan mai ramin da fetur ke bi, yana cikin kayan da ake ferewa da wannan tsantsan awo. A na wasu kamfanoni lambar da ke jikinsa faɗin ramin take nunawa, 100 tana nufin wajen milimita 1. Tagulla tana da taushi, in aka zura mata allura ko wayar ƙarfe ramin zai buɗe, babur ya kama shan mai. In ya toshe, su wanke shi da fetur su hura masa iska, iskar kuwa ga ta nan a wurinka.