Darasi: Sojan da Ya Bar Wurin Tsaronsa

Karatu: 1 Sama'ila 30:1-25

Ya ku 'yan'uwa na ekklesiyoyin ƙasar Gaya da Ajingi, akwai samari da suka bar gona suka shiga aikin soja. In wata rana ɗaya ya komo gida, ana cewa ya gudu daga yaƙi, ƙaƙa za mu karɓe shi? Bari mu duba al'amura biyu, sa'an nan mu duba Maganar Allah.

A shekarar 2009 wani sojan Amurka, Bowe Bergdahl, ya fita daga sansaninsa a Afganistan ba tare da izini ba. 'Yan Taliban suka kama shi, ya yi kusan shekara 5 a hannunsu. A 2014 aka fanshe shi da fursunoni 5. Ya ce ya fita ne domin ya kai ƙarar shugabanninsa. Waɗansu suka ji tausayinsa, waɗansu kuwa suka tuna da sojojin da aka ji wa rauni garin nemansa.

A ƙasarmu ma, cikin Disamba 2014, kotun soja a Abuja ta yanke wa soja 54 hukuncin kisa, domin sun ƙi fita yaƙi da Boko Haram a Borno. Su kuwa suka ce ba a ba su makamai isassu ba. A Disamba 2015 aka mai da hukuncin ɗaurin shekara 10.

Yanzu mu dubi Dawuda. Amalekawa suka ƙone Ziklag, suka kwashe mata da yara. Dawuda ya bi su da mutum 600. Da suka kai rafin Besor, mutum 200 suka gaji, suka kasa hayewa, suka zauna wurin kaya. Bayan nasara waɗansu suka ce kada a ba su kome daga ganima. Dawuda ya ƙi, gama ya san nasara daga wurin Ubangiji take. Ya sa aka raba daidai.

Mu lura da abu biyu. Na fari, mutanen nan ba su sulale a ɓoye ba. Shugabansu ya san inda suke, kuma suna tsaron kaya. Wanda lamirinsa ya hana shi bin wani umurni, ko ƙarfinsa ya ƙare, sai ya faɗa a fili, ya ɗauki abin da zai biyo baya. Wanda ya tafi a ɓoye ya bar 'yan'uwansa cikin hatsari, lamiri kuwa ba ya wanke wannan.

Na biyu, Dawuda bai bar masu fushi su yanke shari'a ba. Mu da muka kwana a gida lafiya, ba mu ga abin da yaron ya gani ba. Hukunci na kotun soja ne. Namu shi ne mu ji bakinsa tukuna, mu faɗa masa gaskiya in ya yi laifi, kada kuwa mu rufe masa ƙofar sujada, ko mu guje wa uwa tasa a kasuwa.

Tambayoyi:
1. Ina bambanci tsakanin tsoro da lamiri?
2. Don me Dawuda ya raba ganima daidai?
3. Me dattawanmu za su yi wa iyalin sojan da aka kama?