Amsoshin Tambayoyinku: Asalin Laburaren Gari

Laburaren jama'a, wanda wani mai sauraronmu ya nemi jin asalinsa, ɗakin karatu ne da gari ke riƙewa da kuɗin haraji, kowa ya shiga ya ari littafi kyauta. Kafin a samu irinsa, galibi sai mai biyan kuɗin rajista ko ɗalibin wata makaranta ke samun aron littafi.

Garin Peterborough na jihar New Hampshire a Amurka ne ake yawan ambata a matsayin na farko, domin a 1833 mutanensa suka amince a kafa laburare da kuɗin gari. A Birtaniya kuwa, dokar 1850 ta ba garuruwa masu mutum 10,000 zuwa sama damar karɓar ɗan haraji don wannan aiki, amma ta hana a sayi littattafai da kuɗin, abin da ya bar wasu garuruwa da gini suna jiran kyautar masu hali.

Wanda ya fi yaɗa lamarin shi ne attajirin ƙarfe Andrew Carnegie. Daga 1883, da aka buɗe laburaren mahaifarsa Dunfermline a Sikotilan, zuwa 1929, an gina laburare 2,509 da kuɗinsa. Sharaɗinsa mai hikima ne: gari ya ba da fili, ya kuma ɗauki alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara wajen kula da shi. Sai dai a kudancin Amurka, yawancin waɗannan ɗakuna sun rufe ƙofa ga baƙaƙen fata, aka ware musu nasu daban a wasu garuruwa.