Dundumi da Abincin Yara

Kowa ya san dundumi. Yaro ya wuni yana wasa lafiya lau, amma da magariba ta yi sai ya nemi gindin bango ya zauna. In an ajiye masa tuwo sai ya yi ta lalube. Waɗansu su ce ƙiwuya ce, waɗansu su ce baki ne ya kama shi. Ba haka ba ne. Wani abu ne ya ƙare a jikinsa, wanda likitoci su ke kira bitamin A.

Bitamin waɗansu abubuwa ne ƙanana ƙwarai da Allah ya sa cikin abinci. Ba su cika ciki, ba a kuwa ganinsu da ido. Iri 13 aka sani, kowanne da aikinsa. Bitamin C yana cikin lemo da gwaiba, shi ke ƙarfafa dasashi, ya sa rauni ya warke. Bitamin D fata ke yinsa in rana ta taɓa ta, shi ke taimakon ƙashi. Amma a nan zancen A za mu yi, gama rashinsa yana makantar da yara, yana kuma kashe su.

A shekarar 1913 wani masani a Amurka, McCollum, da abokiyar aikinsa Davis, suna kiwon 'ya'yan ɓeraye don gwaji. Suka ba su abinci har su ƙoshi, amma bayan 'yan watanni sai girmansu ya tsaya. Da aka zuba musu man shanu ko gwaiduwar ƙwai, sai suka ci gaba da girma. Da aka gwada man zaitun, bai yi ba. Ta haka aka gane ƙoshi daban, gina jiki daban. Yaro yana iya cika cikinsa da tuwon dawa safe da yamma, jikinsa kuwa yana cikin yunwa.

Hanta ita ce rumbun bitamin A. Abin da yaro ya ci da damina, lokacin ɗanyen ganye, ko da bazara, lokacin mangwaro, hanta tana ajiye shi wata da watanni. In rumbun ya yi ƙasa, ido ne ke fara faɗi. Da fari dundumi. Sa'an nan farin ido ya bushe, wani abu kamar kumfar sabulu ya fito a gefensa. In aka bari, sai baƙin idon ya yi laushi, ya fashe. Daga nan ba magani. Zawo da ƙyanda su ne ɓarayin wannan rumbu. Yaron da ƙyanda ta kama yana iya makancewa cikin 'yan kwanaki.

Ba ido kaɗai ba. Bitamin A shi ke gyara fatar cikin maƙogwaro da huhu da hanji, inda cuta ke neman ƙofa. Wani likitan ido, Alfred Sommer, ya gwada wannan a ƙauyuka 450 na ƙasar Indunusiya. Aka riƙa ba yaran rabin ƙauyukan ƙwayar bitamin A sau biyu a shekara. Da ya bayyana abin da ya samu a 1986, mutuwar yara a can ta ragu da wajen sulusi.

To, ina za a same shi? Yana da yawa cikin hanta, da ƙwai, da man shanu, da manja. Yana cikin ganyen zogale, da alayyafo, da rama, da kabewa, da karas, da gwanda, da mangwaro nunanne. Ga jariri kuwa ba abin da ya kai nonon uwa, musamman na kwanakin fari, mai kaurin nan ruwan ɗorawa, wanda waɗansu ke matsewa su zubar wai ba shi da kyau. Shi ne mafi kyau. Ana kuma cewa yaro in ya saba da ƙwai sai ya zama ɓarawo. Ƙwai bai taɓa koya wa kowa sata ba, manya ne dai ke son ci su kaɗai.

Ku lura da abu biyu wajen girki. Bitamin A sai da maiƙo ya ke shiga jiki, saboda haka kwaɗon zogale da ƙuliƙuli da ɗan mai ya fi zogale tsura. Na biyu, zafin rana yana lalata shi. In za a shanya kuka ko zogale, a shanya a inuwa.

A asibiti ana ba yara ƙwayarsa tun daga wata 6 har shekara 5, sau ɗaya kowane wata shida. Shuɗiya ta jarirai ce, ja ta waɗanda suka shekara. Ma'aikacin lafiya ya kan yanke bakinta ya matse man a bakin yaro. Kada a saya a ƙara a gida, domin yawansa yana cutarwa. Yaro mai dundumi ko ƙyanda kuwa kada a jira wata shida ta cika; a kai shi ran nan, a ba shi ɗaya, kashegari a koma a ba shi ta biyu.