Na gama digiri na biyu, ina zan dosa?

Tambaya: Malam, na kammala digiri na biyu a jami'ar Legon, ina aikin akanta, ina zaune a Maamobi. In nemi digirin digirgir ne, ko karatu ya isa haka?

Amsa: Ɗana, Allah Ya sanya albarka. Ilimi kogi ne, ba a kai ƙarshensa, amma kafin ka sake ɗaukar jaka, ka san abin da kake nema. Digirin digirgir na mai son koyarwa da bincike ne. In aikin ofis za ka riƙe, jarrabawar ICAG, hukumar akantocin Gana da aka kafa a 1963, ta fi yi maka amfani. Makarantar GIMPA da ke Greenhill ma tana da gajerun kwasa-kwasai na ma'aikata, ba sai ka ajiye aiki ba. Kada ka ci bashi don karatu, ka riƙa ware wani abu daga albashinka kowane wata.

Sannan ka waiwayi ƙannenka na Nima da Maamobi masu shirin jarrabawar WASSCE. Ka zauna da su ranar Asabar, ka koya musu lissafi. Unguwanninmu na Zango na bukatar irinka.