Amsar Tambaya: Ina Za a Fara Koya wa Yaro Kalmomin Turanci?

Wata uwa ta rubuto cewa ɗanta na aji biyu na firamare yana haddace kalmomin Turanci tamkar aku, amma in an tambaye shi ma'ana sai ya yi tsuru-tsuru.

Maganin yana cikin ɗakinta. Yaron ya riga ya san tebur, bokiti, fensir da burodi, kuma duk daga Turanci Hausa ta aro su: table, bucket, pencil, bread. Ta ɗora hannunsa a kan bokitin wanka, ta faɗi sunan sau uku, shi ma ya faɗa. Kalma biyar a rana ta wadatar.

Inda za ta fi zuba ido shi ne wurin da Hausa ke da kalma ɗaya, Turanci biyu. Hannu dai hannu ne, amma Bature ya raba shi: hand daga wuyan hannu zuwa yatsu, arm daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. Haka ƙafa, akwai leg akwai foot. Aro ma haka yake: mai karɓa borrow yake yi, mai bayarwa lend. Shi ya sa yara ke cewa "borrow me" suna nufin "ara mini", kuskuren da ke bin wasu har sakandare. Abin takaici ne, don da biro ɗaya da yara biyu za a warware shi cikin minti goma.

In kalma ta shige mata duhu, ƙamusun Turanci da Hausa na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a 1990, zai fitar da ita.